Hikayar Wanda Aka Ba Rumbunan Sarki

An ruwaito a wani tsohon littafi da na taɓa gani wurin malamina, Allah ya jiƙansa, cewa an yi wani sarki mai suna Barmo. Sunan garinsa ya kuɓuce mini. Ina zaton a bakin wani gulbi yake, ko kuwa wannan na wani labarin ne.

An ce sarkin yana da rumbuna goma sha biyu inda ake ajiye irin da talakawa za su shuka baɗi. Ana gama kaka sai Sarkin Rumbu ya rasu. In ba a sami wanda ya san aikin ba, iri zai lalace, shekara ta zo wa gari da yunwa.

Waziri Arzika ya ce a bar masa zaɓen. Ya zauna a zaure yana kiran masu nema ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi. Wani mai suna Cindo ya yi bayanin gero da dawa da maiwa, da yadda ake barbaɗa toka saboda ƙwari, har fadawa suka shagala. Daga baya aka shigo da Nomau, wanda ya shekara ashirin yana aiki ƙarƙashin marigayin. A ƙasar kuwa abin kunya ne mutum ya yi iƙirarin sanin sana'a alhali ƙasar kabarin maigidansa ba ta bushe ba. Da Waziri ya tambaye shi ko ya san aikin, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, maigidana ne ya sani. Ni tsani nake riƙe masa."

Waziri ya kai wa Sarki sunan Cindo.

A ranar akwai wani attajiri baƙo a fada, Nadabo, ya nemi izinin magana. Ya ce shi ma ya taɓa ɗaukar jagoran ayari da tambaya. Mutumin ya lissafa masa rijiyoyin hanyar gishiri kaf, da mai zaƙi da mai zartsi. Sai da suka kwana tara a daji, salkunan ruwa suka bushe, sannan jagoran ya amsa cewa bai taɓa wuce ƙofar gari ba. Ciyawa yake sayar wa fatake a can, yana sauraron hirarsu. Raƙuma shida ne suka mutu, ko bakwai, na manta.

Sarki ya tambaye shi yadda yake yi yanzu. Nadabo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, igiya nake miƙa wa mutum in ce ya ɗaure kaya. Hannu bai iya haddace zancen wani ba."

Sarki ya tashi da kansa, aka tafi rumbuna da mutanen biyu, ya ce kowa ya nuna wanda ke buƙatar gyara. Cindo ya zagaya ya yaba ginin, ya ce duk lafiya suke. Nomau kuwa ya jingina tsani yana hawa, yana zura hannu har kafaɗa, yana sunsunawa. A na takwas ya daɗe, sannan ya sauko ya durƙusa ya ce akwai ɗumi a ciki, an zuba damman hatsi ba su gama bushewa ba. Aka fito da su, sai ga funfuna ta fara cin na ƙasa. Aka shanya sauran, suka tsira.

Nan take aka naɗa Nomau. Cindo kuma Sarki ya ce ba a zubar da baki irin nasa, ya mai da shi mai shela.

Waziri ya ji nauyin abin, ya tuna wa Sarki cewa shi ma Wazirin da tambayoyi aka ɗauke shi. Sarki ya ce, "Na sani, Waziri. Tun a fada nake wannan tunanin."

Masu littafin sun ce tambaya tana gano mai iya amsa, saboda haka ta dace da wanda magana ce aikinsa. Wanda aikinsa ke hannu kuwa, sai a kai shi wurin aikin a koma gefe a duba. Iyakar abin da na riƙe ke nan, Allah ne mafi sani.