Hoton Bawa a Kan Ƙaho

To jama'a, ku gyara zama, ga wata rigima da har yau ba a kashe ta ba.

A wani gari akwai wani tela, Ilu. Ɗinki ne sana'arsa, amma ransa yana wajen ɗaukar hoto. Kyamara gare shi mai dogon baki, yana goge ta fiye da yadda yake goge fuskarsa. Ya san haske, ya san saiti, zuciya ce kawai Allah bai ba shi ba. In ana dambe ko kokawa, can bayan taro yake maƙalewa, shi ya sa hotunansa duk ƙeyar mutane ce da huluna. Har 'yan unguwa suka laƙaba masa Ilu Ƙeya. Sunan nan yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Ana nan sai Sarkin Fawa ya shirya wasan hawan ƙaho, wanda mahauci yake tarar bijimi gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya rungume wuya. Tsoho Bawa, gwanin garin, ya ce daga wannan hawan ya ajiye. Sarkin Fawa ya sa aka yi shela: duk wanda ya ɗauko Bawa a kan ƙaho, za a kafa hoton a zaurensa, a rubuta sunan mai ɗauka a ƙasa. Ilu ya rantse cewa Ƙeya ta ƙare.

Ya rufe shago, ya tare a turke yana nazarin bijimin, har ya gano idonsa na dama ba ya gani, saboda haka kullum dama yake wurga kai. Ya zaɓi gindin wani dutse a cikin fili, inda rana za ta kasance a bayan mai ɗauka, ya saita kyamara tsaf. Ranar wasa kalangu ya ɗauka, bijimi ya yi gurnani, Ilu ya maƙale a bayan shinge, ya kasa shiga fili.

Kusa da shi akwai abokinsa Sallau mai shayi, wanda bai taɓa riƙe kyamara ba, amma ba ya tsoron uban kowa. Ya fizge ta daga wuyan Ilu ya ce, "Kawo nan, ragon banza! Ina ake dannawa?" Kafin Ilu ya gama zaginsa Sallau ya tsallake shinge, ya kwanta rub da ciki a gindin dutsen nan, a gaban hancin bijimi.

Bijimi kuwa ya bar Bawa ya yo kan Sallau. Masu riƙe da igiyar ƙafarsa ta baya suka saki, kowa ya yi ta kansa, ban da wani mahauci, Jatau. Ya naɗe igiyar a hannu, ya kafe dugadugansa a ƙasa, aka ja shi a gindi bai saki ba. Bijimi ya tsaya cak, ya ɗaga gaba, ya wurga kai dama. Bawa ya faɗa kan ƙaho. Sallau ya runtse ido yana salati, ya danna. Tafin hannun Jatau kuwa fatar ta saɓule.

Hoto ya fito, sai wanda ya gani: Bawa tsakanin ƙahoni, hularsa tana shawagi a sama, kumfar bakin bijimi kamar ka taɓa. Sarkin Fawa ya ce, "Sunan wa za a rubuta?"

Ilu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya san idon bijimin nan? Wa ya zaɓi wurin, wa ya saita? Wannan ɓarawon ido rufe ya danna! Ko akuya ce ta danna, hoton zai fito!"

Sallau ya ce, "To me ya hana ka zama akuyar? Da a hannunka take, ƙeyata za ka ɗauka, Ilu Ƙeya!"

Sai da aka rirriƙe Ilu. Jatau ya ɗaga hannayensa a naɗe da tsumma ya ce, "Ku rufe mana baki, marasa kunya! Da na saki igiyar nan, da yanzu ana zaman makokin mai shayi, kyamararka kuma ana tsintar ta da tsintsiya."

Sarkin Fawa ya fusata, ya ce suna ɗaya ya yi alkawari, ba zai rubuta uku ba. Ya sa aka kifa fuskar hoton a bango sai an daidaita. Har yau yana nan a kife. Ilu ya daina shan shayin Sallau, ya daina sayen naman Jatau, yara kuma ba su fasa kiran sa Ƙeya ba.

To, ku da kuke zaune: mai saiti, mai dannawa, ko mai igiya, sunan wa ya kamata a rubuta a ƙarƙashin hoton nan?