Tela Da Fiyar Surukinsa

Akwai wani tela a unguwarmu da ake ce wa Yanzu-yanzu, don duk abin da ka kawo masa, amsar kenan. Kullum cika bakinsa shi ne babu abin da ya taɓa gagarar hannunsa. In ka tuna masa wandon da ya yi wa ƙafa ɗaya doguwa, sai ya ce ai mai wandon ne bai tsaya daidai ba.

Wata rana surukinsa ya aiko musu da fiya guda biyar, masu tauri kamar dutse. Marigayiya uwar matarsa ce ta dasa bishiyar, ba ta ga 'ya'yanta ba Allah ya karɓi abarsa. Wannan ce haihuwar farko. Tsoho ya ce in sun nuna zai zo su ci tare.

Matar ta ce a sa su cikin jakar takarda da ayaba ɗaya, a ajiye a kan kabad, kwana huɗu ko biyar za su yi laushi.

"Kwana biyar? Wannan ai aikin ragwaye ne," in ji shi. "Ki gaya wa Baba ya zo gobe."

Alhali a ransa ya san bai taɓa nunar da ko tumatir ba.

Ya kwashi fiya ya tafi shago. Ya naɗe su da ƙyallaye, ya ɗora musu dutsen guga, wai ai zafi ke nunar da abu. Da ya taɓa ya ji laushi, har da murmushi. Ya yanka ɗaya ya ga ciki ya yi baƙi. Ya ɗanɗana, ɗaci ya kusa fito masa da ido. Ya yanka sauran huɗun, duk labari ɗaya.

Ya zauna gaban keken ɗinki, gumi na zuba. Fuskar matarsa kawai yake gani, yadda ɗazu ta riƙa shafa fiyar nan tana cewa hannun Mama.

Maimakon ya koma gida ya faɗi gaskiya, sai ya zarce babban kanti ya sayo nunannu guda biyar.

Washegari tsoho ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kawo faranti da cokula. Matar ta kai loma ɗaya baki, hawaye ya cika mata ido, ta ce ashe haka bishiyar Mama ke da daɗi. Yanzu-yanzu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma baki ya saba. Ya fara bayanin wata dabara da wai wani tsohon manomi ya koya masa a sirri.

Tsoho ya miƙa hannu cikin faranti. Ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa, sai ya sa farce ya ɓamɓare wata 'yar takarda mai lamba da ke manne a gindinta. Ya liƙa ta a bakin faranti.

"Ɗana, shekara bakwai ina ba bishiyar nan ruwa. Ban san ta fara buga takarda ba."

Matar ta ajiye cokali a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Maigida, ina na Mama?"

Ranar ce aka fara ganin Yanzu-yanzu ya rasa amsa.

Darasi: Abin da ke buƙatar kwana biyar, ka ba shi kwana biyar. In ka yi ɓarna kuma, ka faɗa da bakinka kafin wani ya faɗa maka. Ku tura wa wancan abokin naku da ya san komai, kun san shi ai.