Tunau da Wuƙar Cikin Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu surutu.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Tun kafin a san ƙarfe, da dutsen ƙanƙara ake yin wuƙa. Akwai wani ƙato wai shi Tunau, ga ƙirji, ga baki, hankalin ne dai aka manta a zuba masa. Wata rana sai ya kashe ɓauna, ya aika gida a ɗora tukunya. To, al'adar garin, nama na wanda wuƙarsa ta feɗe dabba ne. Tunau kuwa ba shi da wuƙa.

Sai ya sungumo dutse kamar turmi. Wata tsohuwa, Kyauta, gwanar fasa ƙanƙara, ta ce, "Ɗan nan, gefe ake ƙwanƙwasawa a hankali. Ɓallin da ya faɗo, shi ne wuƙar."

Ya ce, "Ni, da ɓalli? Wuƙar maza tana can ciki."

Ta ce, "Gaskiyarka, jarumi. Nemo ta."

Sai ya maka wa dutsen wani dutse. Ɓalli ya faɗo, siriri, mai kaifi. Ta ce, "Kana so?"

"Shara ce, ɗauke."

Sai ya sake makawa. Wani ya faɗo, ya ma fi na farko.

"Wannan fa?"

"Tsohuwa, kin dame ni!"

Sai ya maka na uku, har ya haɗa da babban yatsansa. Bai yi kuka ba, wai gumi ne yake fita ta ido. Kyauta ta tsince ɓallin nan duka, ta gyara bakinsu da ƙahon barewa, ta nufi ɓauna.

Shi kuwa gwani yana ta fama. Dutse ya koma kamar goruba, ya koma kamar goro, wuƙa ba ta fito ba. Ko da ya ɗaga kai, an feɗe, an kasa, mata suna ɗiba a ƙwarya.

Ya ce, "Ai ɓaunata ce!"

Kyauta ta ce, "Sosai ma. Kawo wuƙarka mu gani."

Ya buɗe hannu, sai tsakuwa. Don tausayi ta miƙa masa wutsiya. Ya isa gida, matarsa ta dubi wutsiya, ta dube shi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Zauna ka kore mana ƙuda da ita."

Ƙurunƙus! Ga kan kusu nan, ku raba. Wanda ya fi ƙarfin a koya masa, da yunwa zai kwana.