Yasmin ɗin da Nomau Ya Sare

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, tun zamanin da ba a san famfo ba, kowa da gugansa. Na baya ku rage hira, ku saurara. Labarin nan ni kaina duk ranar da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Sunansa Nomau, masaƙi ne. Ba malami ba ne, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba, kuma in ya shiga taro ba mai matsa masa tabarma. Abu guda aka san shi da shi, shi ne tsakar gidansa. Inda kowa ke shuka kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, shi furanni yake shukawa. Duk tukunyar da ta tsage a unguwa, duk randar da ta fashe baki, wurinsa take ƙarewa. Sai ya cika ta da jar ƙasa da kashin awaki, ya barbaɗa toka saboda gara, ya dasa abinsa. Yana da ɗoɗɗoya, yana da rumman ƙwaya ɗaya, yana da wasu 'yan furanni ja da ruwan ɗorawa waɗanda shi kansa bai san sunansu ba.

Za ku ce ina ya ga ruwan wannan aiki, a garin da rijiya ke da gaba ashirin? A kan kasko yake alwala. Sau biyar a rana ruwan alwalarsa ba ya taɓa ƙasa, sai ya ɗauki kaskon ya bi tukwane yana raba musu, wannan kaɗan, wancan kaɗan, kamar mai raba wa marayu fura.

To amma a cikin shukokin nan akwai wanda ya fi masa kowanne. Yasmin ne, a jikin katangar gabas. Matarsa Dije ce ta dasa shi da hannunta, wata baƙuwa da ta sauka a gidansu ta ba ta ɗan reshe wanda bai fi tsawon yatsa ba, ta ce mata in ya yi fure za ta ji ƙamshin da ba ta taɓa ji ba. Dije ta yi shekara uku tana lallaɓa shi, ƙasar ba tasa ba ce, ya ƙi fure. A shekara ta huɗu Allah Ya karɓi abinsa, ta rasu ba ta ji ƙamshin ba. Ba su haihu ba, ba ta bar masa ɗa ba, ba ta bar masa 'ya ba. Wannan itacen kaɗai ta bar masa. Shi yake fara ba ruwa kafin saura, kuma in kewarta ta taso masa gindinsa yake zuwa ya zauna.

Bayan katangar nan gidan Bagudu ne, ma'aunin hatsi, matashin magidanci mai baki kamar reza. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma bai san inda wasa ke tsayawa ba. Kullum ya ga Nomau sai ya tambaye shi ko miyar fure ta nuna, ko yau ma ƙamshi za a ci a kwanta. Mutane su yi dariya, Nomau ya taya su, ya wuce.

Ana nan, shekara biyu bayan rasuwar Dije, da zafin bazara, sai yasmin ya fitar da 'yan kawunan fure farare. Ranar da suka fara buɗewa, gab da magariba, Nomau na tsugune yana alwala ƙamshin ya same shi. Ya ajiye buta, hannu ɗaya a wanke ɗaya ba a wanke ba, ya yi kuka. Dattijo da gemu, ya yi kuka har da shessheƙa, don murna da baƙin ciki sun haɗu masa wuri ɗaya. Abin da Dije ta jira ba ta samu ba, ga shi ya zo. Kwana tara ya yi yana shaƙar wannan ƙamshi. Ku riƙe lissafin, kwana tara.

A rana ta goma Iya Tabawa, ungozomar unguwa, ta shigo neman ganyen ɗoɗɗoya. Tana tsinka tana mita ita kaɗai, irin ta tsofaffi, har maganar da aka ce ta ɓoye ta kuɓuce mata. Ashe Yelwa matar Bagudu na da ƙaramin ciki, bayan ɓari uku a jere, kuma laulayinta ya zo da ƙin ƙamshi. Ɗakinta kuwa shi ne a jikin katangar. Da zarar furen ya buɗe sai amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta, kwana tara ke nan, har ta fara ganin jiri. Mijin bai san dalili ba, yana can yana bin kasuwannin ƙauye, ita kuma ta hana a faɗa. Ta ce duk unguwa an san wanda ya dasa itacen nan, da wane baki za ta ce ƙamshin marigayiya yana cutar da ita?

Da Tabawa ta ankara da abin da ta yi sai ta kama baki. Ta ce, "Malam, don Allah kada ta ji na faɗa. Kunya za ta kashe ta kafin ciwon."

Ya ce, "Ba mai ji, Iya."

Ku saurara ku ji abin da bawan Allah nan ya yi. Yasmin da yamma yake buɗewa. To kullum bayan la'asar sai ya ajiye saƙa, ya ɗauko ƙwarya, ya bi reshe-reshe yana tsinke duk kan furen da ya ga alamar zai buɗe a ranar. Na sama ya taka turmi ya kai gare su. Da yake ya san ko an tsinke su suna iya buɗewa a cikin ƙwarya, sai ya tona rami a bayan ɗaki ya zuba su ya rufe da ƙasa. Furen da ya yi shekara shida yana jira, shi ne da hannunsa yake binne shi kullum, kafin ya ba shi ƙamshi ko sau ɗaya. Yelwa ta fara shan kunu yana zama. Aka yi mako uku a haka, Tabawa kaɗai ta san abin da yake yi.

Sai zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana biyu bai iya ɗaga kai ba, balle ya taka turmi. Yasmin kuwa bai san an yi ba, ya buɗe gaba ɗaya, fari fat har saman katanga. A rana ta uku Tabawa ta leƙo duba shi, sai ya ga damuwa a fuskarta. Ya matsa mata, ta ce Yelwa ta koma gidan jiya, kuma jiya har an ga ɗan jini.

Bayan ta fita ya rarrafo ya zauna a gindin itacen. Ku tsaya a nan tare da shi, kada ku yi gaggawa. Mutumin nan ya san aikin shuka, ya auna kowace hanya. Ya tone shi ya kai wani wuri? Saiwarsa ta shige ƙarƙashin katanga, ba ta fitowa da rai. Ya rage rassa? Duk reshen da ya bari fure zai yi. Ya ci gaba da tsinka? Ya ga abin da kwana biyu suka jawo, kuma ba shi da tabbacin gobe zai tashi. Hanya ɗaya ta rage, a sare shi ƙasa-ƙasa. Ya kuma sani sarai, itacen da ke cikin fure in aka yi masa irin wannan sara a tsakiyar bazara, da wuya ya sake tofo.

Kuma Shaiɗan bai bar shi ya huta ba. Ya ce masa gidanka ne, katangarka ce, ba wanda ya roƙe ka. Ya ce masa matar wa? Matar mutumin da ya mai da kai abin dariya a bakin kasuwa. Ya ce masa wannan ne fa kaɗai abin da Dije ta bar maka. Duk gaskiya ne, jama'a, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Da ya bar itacensa, babu alƙalin da zai kama shi da laifi.

Nomau ya ɗauko gatari. Sannan ya dafa itacen ya ce, "Dije, ki yafe mini. Rai ne a bayan katangar nan." Ya yi bismilla, ya sa gatari.

Ya kwashe rassan ya kai bayan gari. Ya yanki 'yan guntaye bakwai ya dasa a tukwane ko Allah zai sa ɗaya ya kama, zafi ya ƙone su duka. Kututturen kuma ya yi ta ba shi ruwa har damina ta sauka, har ta ɗauke. Na san abin da kuke jira, kuna jira in ce ya tofo. Bai tofo ba. Ya bushe, gara ta cinye shi, Nomau bai ƙara jin wannan ƙamshi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Amma saran ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Ku ji abin da ya biyo baya. Kwana kaɗan da yin saran, Bagudu ya dawo daga ƙauye, ya ɗaga kai bai ga ganye a saman katanga ba. Ya tarar da Nomau a ƙofar masallaci, mutane cike, ya ɗaga murya.

"Baba Nomau, ashe hankali ya zo? Na ga an sare sarkin furanni. To yanzu sai a shuka kuɓewa a wurin, a ci abin kirki."

Aka fashe da dariya. Kalma ɗaya ta isa, jama'a. Kalma ɗaya Nomau zai faɗa Bagudu ya rasa inda zai sa kansa. Maganar ta zo masa har baki. Sai ya tuna da yarinyar da ke kwance, wadda in ta ji za ta ɗauki nauyin itacen nan a ranta har ta mutu. Ya haɗiye, ya yi murmushi ya ce, "Shawararka ta yi, ɗana. Haka za a yi."

Kuma haka ya yi. Da damina ya shuka kuɓewa a daidai wurin. Yelwa ta sauka lafiya, ɗa namiji. Nomau ya yanka kuɓewar ya shanya, ya daka, ya ba Tabawa ta kai wa mai jego a yi mata miya. Bagudu ya sha miyar shi ma, ya yi ta ba da labari a gari cewa shi ya koya wa tsoho noma.

Shekara goma sha tara aka yi a haka. Ranar da Nomau ya rasu, an dawo daga maƙabarta ana zaune a ƙofar gida, sai Tabawa, ta tsufa tukuf, ta sa aka riƙo hannunta aka kawo ta bakin zaure. Ta ce ta riƙe amana iya ran mai ita, yanzu ba za ta shiga kabari da ita ba. Ta faɗi komai, tun daga ƙwarya da turmi har zuwa gatari. Ɗan Bagudu na nan zaune, ƙasar kabarin ba ta gama bushewa a ƙafarsa ba, don shi ya shiga ya karɓi gawar. Bagudu ya dubi ɗansa, ya dubi katangar. Ya tashi zai shiga gidan ya nemi gafara, sai da ya kai bakin ƙofa ya tuna ba kowa a ciki.

To, 'yan'uwa, ga inda na nufa. Kyautar abin da ya yi maka yawa kowa na iyawa. Alheri na gaske shi ne ka bar abin da yake halalinka, abin da ranka ke so, saboda wanda bai roƙe ka ba, sannan ka rufe bakinka ko da shi ne ke maka dariya. Mu fa? Ruwan wankinmu yana kwance a ƙofar maƙwabci, mun ce ai hanya ta kowa ce. Hayaƙin janaretanmu yana shiga ɗakin jaririnsa, mun ce ai da kuɗinmu muka saya. In kuwa muka ba shi kwanon shinkafa da azumi, sai unguwa ta haddace labarin kafin salla. Ban cire kaina ba, wallahi har da ni.

In kun koma gida, kowa ya tsaya a jikin katangarsa ya tambayi kansa, me ke ƙetarawa daga gidana zuwa gidan can? Wanda ke bayanta wataƙila kunya ce ta hana shi magana, ba daɗi ba. Kada ka jira sai ya faɗa. Ka gyara, kuma kada ka gaya masa ka gyara. Allah Ya jiƙan irin su Nomau, Ya sa kada maƙwabtanmu su tsaya a kanmu ranar da ba katangar da za ta raba mu da su.