Mabuɗin da Ya Ƙi Hannun Kowa Sai na Baba

Da sunan Allah nake farawa, kuma don murna sauri nake yi, sai a yi haƙuri da rubutun. Malaminmu na makarantar yamma, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya ja kwanansa, bawan Allah ne mai tsentseni, masani, mai zuhudu, wanda ko tsawa bai taɓa yi mana ba, amma in ya ɗago kai ya dube ka sau ɗaya sai ka ji kunya ta rufe ka har ƙafa. An sha ba mu labarin karamominsa muna cewa ikon Allah. To yau ni da idona na gani!

Babana ya yi shekara huɗu a gidan yari. Ba zan ɓoye ba, don shi ma ba ya ɓoyewa: kayan mutane aka ba shi ajiya ya sayar. A can ya koyi aikin kafinta, ya dawo mana da hannu duk kanta, da wata irin ɗabi'a mai ban tausayi: in ya iso ƙofa sai ya tsaya cak yana jira a buɗe masa. Mama ce ta hana mu. Tana jin sallamarsa za ta ce, "Kada wanda ya tashi. Baban yara, gidanka ne fa, tura ka shigo!"

Kawu, ƙanen Mama, shi ya yi ta sintiri har wani mai shagon kujeru da tebura ya yarda ya ɗauki Baba gwaji na wata uku. Mama kan goge masa riga kullum, Kawu ya ba shi aron zarto da guduma, ni kuma tare muke fita da safe don shagon na kan hanyar makarantarmu. Kullum mu ne farkon zuwa. Sai Baba ya tsaya nesa da ƙofa, hannu a baya, har maigidan ya iso da mabuɗi. Ko kusa da kwaɗon ba ya zuwa, wai kada a ce. Ma'aikatan kuwa Baƙon Gwamnati suke kiransa, musamman babbansu, wani Dogo mai bakin tsiya.

Da wata ukun ya zo ƙarshe maigidan bai ce uffan ba. Sai Baba ya ce wa Mama in Alhamis ta wuce ba a tabbatar da shi ba, zai tafi can nesa inda ba wanda ya san shi ya nemi aiki. Ni dai kuka na sa, don na san yadda gida yake in babu shi. Mama ta yafa mayafi ta tasa mu gaba sai wurin Malam.

Malam, Allah Ya saka masa da alheri, ya saurara har Baba ya gama, yana jan carbi a hankali. Sannan ya ce, "Kada ka tafi. Ranar Alhamis mabuɗi zai zo hannunka." Shi ke nan, ya koma kan littafinsa. A hanya Mama ta ce, "Ka ji ko? Buɗi na nan tafe." Duk mun ɗauka buɗin Allah yake nufi, irin wanda ake roƙo a addu'a. Ashe mu ne ba mu saurara da kyau ba, Malam bai ce buɗi ba.

Yau Alhamis. Mun isa, ga wata babbar mota ta zo ɗaukar teburan makaranta, direba sai hon yake yi. Maigida ya zo ya zura mabuɗi, kwaɗo ya ce bai san zance ba. Ya murɗa, ya jijjiga, ya ɗiga mai, shiru. Dogo ya ce, "Kawo nan, Maigida," ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, shiru. Mutum biyar suka gwada! Sai Dogo ya waiwayo yana dariya ya ce, "Maigida, ga gwani nan a tsaye muna wahala? Baƙon Gwamnati, zo ka nuna mana ilimin da aka koyo!"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Na ga gumi a goshin Baba, don in ya buɗe za su ce sana'arsa ce, in ya ƙi za su ce girman kai. Maigida ya miƙo masa mabuɗin ya ce, "Gwada mana." Baba ya dubi abin da ke tafin hannunsa, sai na ga leɓensa na motsi. Na matsa na ce, "Baba, mabuɗi ne fa. Alhamis ce fa!"

Ya taka ya je, ya ce bismillah, ya murɗa da yatsa biyu. Ƙaras! Kwaɗo ya buɗe.

Maigida ya ce, "A'a, tsaya." Ya mayar ya kulle, ya gwada da kansa, ya ƙi. Ya ba Dogo, ya ƙi. Ya mayar wa Baba, ƙaras! Sau uku ana haka, har direban ya sauko yana salati. Maigida ya dubi Baba ya ce, "Wata uku ina iske ka a nan kafin kowa, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ni nake ta jan ƙafa, ga shi ƙarfe ya riga ni magana. Riƙe shi. Daga yau kai ke buɗewa, kai ke rufewa." Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "To, Mai Mabuɗi, a taimaka a matsa mu shiga."

Na makara, an sa ni sharar aji, ina shara ina dariya har malamarmu ta tambaye ni ko lafiya.

A gida Kawu ya ce wai mabuɗin ne ya cinye, sai hannu mai laushi. Mama ta ce, "To kai da ka sani, me ya hana ka faɗi ranar tun makon jiya?" Da yamma muka je wurin Malam, Baba ya durƙusa yana godiya. Malam, don tawali'unsa, cewa kawai ya yi, "Ni ban buɗe komai ba. Ka riƙe amana, ka riƙe iyalinka."

Babana ba ya zuwa ko'ina. Gobe ma sai mun ƙara sammako, don yanzu in Baba bai zo ba, ba mai shiga, har shi maigidan!

Ya Allah Ka ƙara wa Malam daraja da lafiya, Ka lulluɓe mu da albarkarsa, Ka dafa wa Baba a kan amanar nan, Ka sa duk wanda ya fito irin fitowarsa ya tarar da masu jiransa. Amin, amin.