Kurkunu a Gidan Mai Rijiya

Akwai wani maigida da yake da rijiya a tsakar gidansa, ba ya kuwa bari a manta. Ko zancen kuɗin dawa ake yi, sai ya sako cewa iyalinsa ba sa shan ruwan tafki.

Da damina ta faɗi, sai kurkunu ya ɓullo a ƙafar ɗansa Dogara. Ashe saurayin yakan tsuguna bakin tafki da abokansa su sha ruwa in sun taso daga gona. Uban ya dubi farar tsutsar da ta leƙo ta idon sawu, abin da ya fara zo masa kuwa shi ne bakin mutane. Ya kulle ɗan a ɗaki, ya ce wa masu tambaya ya tafi wurin kawunsa. Sa'an nan ya kama kan tsutsar ya fizga, don a gama magana kafin Lahadi, ranar da ake haɗuwa a coci.

Tsutsar ta tsinke a ciki. Ƙafa ta kumbura, ta fara ruwa, Dogara ya daina takawa.

Maƙwabciyarsu Iya Rifkatu ta leƙo ta kan danga, ta ce, "Maigida, garin kawun nan ba nisa. Daga madafina ina jin nishin yaron." Ta nuna masa tabon ƙafarta, ta ce ita ma ta taɓa yi, ya kai shi asibiti tun da sauran ƙafar da za a kai.

Hanyar asibiti ta cikin kasuwa ta bi. Haka ya tura ɗansa a keke, kansa a sunkuye. Gari bai rushe ba. Wasu ma suka ɗage wando suka nuna nasu tabon.

A asibiti aka wanke gyambon, aka riƙa naɗe tsutsar a jikin wani tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Uban ya tambayi ranar gamawa, aka ce masa kurkunu bai san Lahadi ba. Da Dogara ya koma gona yana ɗan ɗingishi, uban yakan bi shi da goran ruwa, su zagaya ta doguwar hanya don kauce wa tafkin. Zancen rijiya dai ya ragu.

Ma'anar misalin nan ba ta da nisa. Kurkunu shi ne ƙwaya da maganin tarin da 'ya'yanmu suke sha, har na gidajen da ake addu'a safe da yamma. Fizga ita ce duka da mari da kulle. Tsinken nan shi ne likita da mai ba da shawara, da haƙurin da ba a sa masa rana. Masu tabo su ne waɗanda suka daina, a bar su su zauna da yaron. Mu yi addu'a, amma mu tura keken. Wanda ya ɓoye ɗansa don ya tsare sunansa, sunan zai rage masa, ƙafar ce dai za a rasa.