Takardar Sigari a Gurbin Fiyus

A tashar jifni ta Cogeo, wato tashar dogayen motocin haya masu benci, akwai wani direba mai suna Domeng. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya sha, ba ya caca, amma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin ƙaninsa Crisanto ya ci gaba. Da mahaifinsu ya rasu, Domeng ne ya gaji jifninsa, wadda tsohon ya rubuta sunan mahaifiyarsu, Pacing, a goshinta da hannunsa. Da ita Domeng yake ciyar da gidansa. Shi kuwa Crisanto sai da ya sha kwandasta shekara da shekaru kafin ya mallaki tasa.

To, 'yan makarantar layin nan ba kujera suke dubawa ba, kiɗa suke bi. Crisanto ya iya wayarin, ya haɗa amfilifaya mai ƙara sauti da wufa, wato babbar lasifika mai dum-dum, a ƙarƙashin benci, tun daga kwana ƙirjinka zai gaya maka ya taho. Sai yara su bar motar Domeng wayam, su tsaya jiran ta ƙaninsa. Wata safiya wata yarinya har ta sa ƙafa, ta jiyo dum-dum daga nesa, ta janye ta ce, "Yi haƙuri Malam Domeng, taka shiru kamar motar kai gawa." Tasha ta kwashe da dariya. Ranar Domeng ko loma ɗaya bai ci ba.

Bai yi shawara da kowa ba, ya je ya sayo amfilifaya da wufar da ta ninka ta Crisanto. Don kada ƙanin ya ji labari, da kansa ya yi haɗin. Ya huda ƙarfen da ke ƙarƙashin benci, ya zura jar wayar da ta taso daga batir, ya ɗaure, ya kunna. Kai! Har kwanon rufin maƙwabta sai da ya amsa.

Murna ba ta je ko'ina ba. A shimfiɗaɗɗen titi kiɗa lafiya lau, amma da taya ta faɗa rami sai ɗif, fiyus ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Ya ƙara ɗaure baƙar waya a jikin mota, a banza. Ya mayar da amfilifaya shago ya yi ta masifa wai jabu aka ba shi, aka canza masa, wannan ma haka. Har cocin kan tudu ya kai motar, Fada ya yayyafa mata ruwan albarka, a hanyar gangarowa fiyus ya sake ƙonewa.

Crisanto ya same shi a tasha yana shan kofi, ya kira shi da Kuya, wato yaya a yarensu, ya ce, "Kuya, fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. Tunda a rami yake yi, wata waya ce ke gogar ƙarfe. Bari in leƙa ƙarƙashin benci, kafin ka shanye kofin nan na gama."

Domeng ya harare shi. "Ka leƙa ka ƙarasa lalata ta ko? Wa ma ya sani ko hannunka ne tun farko? Malam, kama gabanka."

"Haba Kuya! Motar Baba ce fa."

"Motata ce."

Crisanto ya juya ya tafi. Shi kuwa Domeng a ransa ya fi son ya kwana cikin matsalar da a ce ƙaninsa ne ya warware masa.

Ranar da aka koma makaranta, tasha ta cika maƙil. Domeng ya karɓi kwalin sigari wurin mai talla, ya zare takardar nan mai ƙyalli, ya naɗe ƙonannen fiyus da ita ya mayar. Ya ƙure sauti. Nan da nan yara suka yi masa caa, har da masu lilo a ƙofar baya. Ya wuce Crisanto yana danna masa hon, daɗi kamar ya kashe shi.

Ramin farko, kiɗa bai ɗauke ba. Domeng ya daki sitiyari don murna. Bai san cewa bakin hudar da ya yi ya daɗe yana cin robar jar wayar ba, kuma abin da ke katse wutar shi ne ya toshe da hannunsa. Wayar ta yi jawur, soson benci ya kama. Yara suka yi ta ƙwanƙwasa kwabo a ƙarfen riƙo don ya tsaya, ina zai ji! Sai da hayaƙi ya rufe madubi sannan ya taka birki.

Allah Ya kiyaye, kowa ya fita da ƙafarsa. Crisanto da ke biye ya bar fasinjojinsa ya rugo da tukunyar kashe gobara, amma wuta ta riga ta yi nisa. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa fentin goshin motar ya kumbura ya zube, sunan mahaifiyarsu ya tafi. Domeng ya durƙusa a bakin titi yana kuka kamar yaro.

Da ƙarfe ya huce, Crisanto ya nuna masa hudar. Guntun roba da bai kai kan yatsa ba ne ya kamata a sa a bakinta.

Yanzu Domeng ne kwandastan Crisanto. Yana zama a ƙarshen benci yana karɓar kuɗin mota, wufar ƙaninsa tana bugawa a ƙarƙashinsa tun safe har yamma.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada tana toshe kunnen mutum daga gaskiya, musamman idan ta fito daga bakin wanda yake jin zafinsa. Idan abu yana ta yi maka gargaɗi, ka nemi dalilinsa, kada ka rufe masa baki. Ci gaban ɗan'uwanka bai rage ka da komai ba, amma ƙin sauraronsa yana iya raba ka da duk abin da ka mallaka.